Mindar Kakana a Shagon Oga Davou

Da safiyar nan Garos, 'yar Oga Davou, ta kira ni, ta ce, "Mama, Baba ya tafi."

Oga Davou mai gyaran agogo na Kabong ya rasu. Tun ɗazu nake yafa mayafi ina cirewa, na kasa zama, na kasa fita.

Da rigima muka fara sanin juna, wajajen 1978. Kakana ya yi yaƙin Kamaru, ya bar mana minda, lambar yaƙi ta azurfa, da sunansa a gefenta. Yayana ya kai ta wajen maƙeri a Rikkos a narka. Na bi sawu da kuka, maƙerin ya ce ai wani mai agogo ya riga ya saye.

Ashe aikinsa ke nan. Yana bin maƙera yana ceto mindojin ƙananan sojoji. Na hafsoshi ba ruwansa da su, wai su suna da masu tuna su.

Na same shi a shagonsa, na ce ya sayar mini. Ya ɗaga gilashin idonsa ya ce, "Gidan da ya kai shi wuta sau ɗaya, zai sake kai shi. Ki zo ki gani duk ranar da kina so."

Na kira shi ɓarawon gado. Ya miƙo mini kujera.

Haka na yi ta zuwa, da goyo, daga baya da jikoki. Yakan ciro mindar daga gwangwanin alewa, ya goge, ya karanta sunan kakana da ƙarfi kamar ana fareti. Bai taɓa karɓar kuɗin gyaran agogona ba. Lokacin da gari ya rikice, aka daina tsallaka unguwanni, sai ya aiko a ce mini soja yana nan lafiya.

Watan jiya na same shi ya rame. Ya turo mini mindar ya ce, "Jikan soja, ɗauki kayanki."

Na ƙi. Na ce idan na ɗauka, me zai kawo ni Kabong? Gaskiya tsoro na ji, na san sallama yake yi.

Shi ya sa tun safe nake ta kai da kawo. Da wane baki zan tambayi minda a gidan makoki? Idan kuma na yi shiru, 'yan gwangwan suka kwashe fa?

Yanzun nan Garos ta sake kira. Wai tun makon jiya Oga ya ƙulle mindar a hankici, ya ce a faɗa mini, "Wannan karon ba ta da wanda za ta yi gardama da shi."

Allah Ya saka maka da amanar da ka riƙe, Oga. Allah Ya ba iyalinka haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa su a addu'a.

Bari in tafi Kabong.