Tabarmar Magajiya Barira

Shekarun da aka kwashi mazaje daga barikin soja na Minna zuwa yaƙin Laberiya, Barira matar Saje Mudi ce Magajiya, wato shugabar matan bariki. Aikin sa kai ne. Ita ke raka mai naƙuda asibiti, ita ke raba faɗan bakin famfo. In kuwa soja ya mutu, ita ake kira ofis ta kai wa matarsa labari. Ba ta farawa da magana. Tabarma take ɗaukowa ta shimfiɗa a ƙofar matar don zaman makoki. Shi ya sa mata ke duban hammatarta kafin su dubi fuskarta.

Wata rana da hantsi ta fito daga ofis da tabarmar a hammata. Layin gidajen sojoji ya yi tsit. Magdalene matar Kofur Philip, da tsohon cikinta, ta tare hanya, tana roƙo da Hausarta ta bariki.

"Magajiya, kar ka zo ƙofana! Don Allah!"

"Koma ki zauna, ƙanwata."

"Philip ne? Faɗa mini!"

"Philip yana nan da ransa. Matsa in wuce."

Ta wuce ƙofar Azumi, ta wuce ta Bintu, kowacce na sauke numfashi a bayanta. Sai a ƙarshen layi ta tsaya. Ta shimfiɗa tabarmar a ƙofar nata ɗakin, ta cire takalmi ta zauna.

Magdalene ce ta fara isowa, ta durƙusa a gabanta.

"Ɗebo wa mutane ruwan sha, ƙanwata," in ji Barira. "Yau ni ba zan iya tashi ba."