Farin Tabon da ke Jikin Jirgin Kakana

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Najma, unguwar da muke haya a nan ƙasar wajen da muke ci-rani, ni da abokin ɗakina, wani ɗan Zangon Kumasi mai aikin gadi. A aljihuna akwai hoton kakana, na naɗe shi a leda kamar fasfo.

Hoton na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne. Kakana yana tsaye da gajeren wando da bindiga, a bayansa ga wani jirgi mai farfela biyu. Har ya koma ga Allah yana cewa jiragen da ake kaiwa fagen daga yake gadi a filin jirgin Kano, amma 'yan unguwa ba su taɓa yarda ba. Sa'o'insa sun je yaƙi ƙasar Bama sun dawo da labari, shi kuwa aka laƙaba masa "sojan gida". Wai mataccen jirgi ya samu ya tsaya a gabansa, hujjarsu kuwa wani farin tabo da ke kusa da wutsiyar jirgin, suka ce fenti ne ya ɓare. Wannan gori ya sa mahaifina ya sauke hoton daga bango tun muna yara. Yanzu idonsa yana ta raguwa, shi ne ya aiko mini da shi, ya ce in binciko masa gaskiya tun yana iya gani.

Wani fasinja da na taɓa ɗauka a tasi ya ba ni labarin wani dattijo ɗan Sudan a garin Al Khor, tsohon injiniyan jirage. Can muka nufa. Mun wuce dogayen benayen Lusail, daga nan sai rairayi da titi sumul, ba rami ko ɗaya, har barci ya so ya ɗauke ni. A wani shago muka tsaya muka sha karak, shayin madara mai arha na ƙasar, da wata gurasa da ake kira capati da ƙwai. Abokina ya ci uku, ya ce yunwar taya ni bincike ce.

Kwatancen da aka yi mana shi ne "kusa da masallaci", sai ka ce guda ɗaya ne a garin. Muka yi ta zagaye har rana ta fara dukan ƙeya. Abokina ya ce khalas, wato ya isa haka, mu juya. Na ce masa ko gida-gida ne sai na ƙwanƙwasa. Wani mai sayar da kifi ne ya nuna mana ƙofar.

Dattijon ya karɓe mu hannu bibbiyu. Ya daɗe yana duban hoton da gilashin ƙara girma, sannan ya nuna mana hancin jirgin na gilashi, da wani tozo a gadon bayansa inda mai harbi ke zama. Ya ce jirgin Ingila ne mai jefa bom, sunansa Blenheim. A akwatuna ake sauke irinsa a Takoradi, a harhaɗa, su biyo ta Kano da Maiduguri da Sudan har Masar. Jin Takoradi, wani gari a ƙasarsu, abokina ya gyara zama kamar shi ya ɗaure ƙusoshin.

Sai na tambaye shi batun tabon.

"Da gangan ake shafa farin, ɗana," in ji shi. "Don in jirgi ya faɗi a daji ko hamada a hango shi daga sama. Ba a shafa wa matacce. Wannan a kan hanya yake."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Da la'asar muka iso Najma. Ko takalmi ban cire ba na kira mahaifina, na kwashe komai na faɗa masa. Ya sa na maimaita sunan jirgin har ya iya faɗa da bakinsa. Tafiyar nan ta koya mini cewa abin da mutane suka shekara suna yi wa dariya, wani lokaci tambaya ce kawai ba su yi ba.

Kafin mu yi sallama ya ce, "Ka ba mai tahowa gida ya kawo mini hoton. Ƙusar tana nan a bango, ban cire ta ba."