Ranar da Muka Yi wa Kunyar Dankali Addu'a

Ko tsufa ya kai ni ga manta sunana, ba zan manta ranar da muka kewaye kaburburan mutanen kwalekwale ba.

A ƙauyenmu, can wajen Kurmin Kogi, kowa da labarin ya tashi: zamanin kakanni kwalekwale ya kife da masu dawowa daga kasuwa, aka binne su a bakin rafi. Har da mahaifin kakata a ciki. Lokacin ina sakataren ƙungiyar ci gaban gari, kwatsam tausayinsu ya kama mu, daidai da ƙaratowar zaɓe, don wani ɗan takara ya yi alkawarin siminti.

Sai dai mu ba ma rubuta suna a kabari, damina kuma ta shafe komai. Muka zaga, muka ga wasu tuddai a jere gwanin sha'awa. Shugabanmu ya ce, "Ga su nan, kudu da arewa, yadda addini ya ce."

Kakata ta ce mini, "Ɗan nan, ba nan ba ne. Suna gindin giginya. Tulun innata aka fasa aka rufe Baba, ni na kai tulun."

Na ce, "Haba Iya, mata da ba sa zuwa maƙabarta?" Har dariya na yi mata, Allah ya yafe mini.

Ranar taron addu'a aka kafa rumfa gaban sabuwar katangar da muka kewaye tuddan da ita. Ɗan takara ya share hawaye sau biyu, don mai hoto bai kama na farkon ba. Motocin baƙi kuwa, ni da kaina na jera su a inuwar giginya. Muna tsakiyar shafa fatiha wani manomi ya raɗa mini, "Malam sakatare, wannan fa tsohuwar kunyar dankalin wana ce." Na ce ya yi mini shiru.

Da aka tashi tafiya, tayar motar ɗan takara ta rufta cikin ƙasa. Muna turawa, sai ga katangar fasasshen tulu ta bayyana. Iya ta dogara sandarta ta zo, ta ɗauki guntu ɗaya ta goge da mayafinta, ta ce, "Ku ɗage motar daga kan Baba. Nauyin ruwan da ya sha ya ishe shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Tun daga nan na koyi cewa kafin ka karrama mamaci, fara sauraron wanda ya yi kukansa, ko da ba ya cikin kwamiti.