Ranar da Aka Karɓe Makullin Baba

Mahaifinmu direban babbar mota ne tun kafin a haife mu. Abokan aikinsa Sarkin Kwana suke ce masa, domin yakan juya mota maƙare da kaya a lungun da wani zai ji tsoron shiga da keke. Motocin zamaninsa ba su san man sitiyari ba, da ƙarfin damtse ake murɗa su. Shi ya sa har ya tsufa, in ya ba ka hannu sai ka duba yatsunka. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata 'yar tsohuwar mota. Da ita yake kai Mama asibiti, da ita kuma yake ficewa in surutun jikoki ya ishe shi. Kullum da safe sai ya buɗe bonet ya duba man inji da ruwa da man birki. Akwai wani ɗan gwangwani a gefe da bai taɓa waiwaya ba, tunda motocin da ya saba da su ba su da irinsa.

Kwanakin baya ya goga motar a jikin get wajen shigowa gida. Fenti kawai ya kankare, amma sai babban yayanmu ya tara mu a falo kamar an yi rasuwa. Mutumin da ko baya bai iya yi da mota ba sai an tsaya masa ana "zo, zo", shi ne ya harɗe ƙafa yana cewa, "Baba, girma fa ya zo. Na lura da yadda kake kokawa da sitiyari. Yau get ne, gobe ɗan mutane."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya zaro makulli ya ajiye a kan tebur, ya shige ɗaki. Na ji haushin Yaya, amma wallahi na fi jin haushin Baba da ya miƙa wuya haka arha. Daga baya Mama ta raɗa mini cewa ya daɗe yana shafa man zafi a kafaɗu a ɓoye, wai hannuwansa sun gama aiki.

Yaya ya ce in ajiye motar a gidana kafin ya samo mai saye. Na ɗauko ta, ina shan kwanar farko na ji sitiyari kamar an zuba masa siminti, ga wani kuka mai tsini yana fitowa daga gaba. Ni da nake da sauran ƙarfina sai da na sa hannu biyu. Ashe motar ce! Gida guda mun zauna mun yanke wa tsoho hukunci, ba wanda ya ce a buɗe bonet. Kai tsaye na wuce garejin bakanike.

Bakaniken ya buɗe ɗan gwangwanin nan, wanda ashe na man sitiyari ne, ya nuna mini ya bushe ƙarau. Ya goge wajen da tsumma, ya cika shi da jan mai, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ya ce in tayar in murɗa sitiyari har ƙarshe. Nan take jan ɗigo ya fara sauka a kan kwalin. Tiyon da ke fitowa daga famfon sitiyari ne ya tsage a bakin ƙarfensa. Ya sa sabo, ya ɗaga gaban motar da jak, ya sa na yi ta murɗawa dama da hagu har kumfa ta daina tasowa a cikin man.

"Allah ya so famfon bai ƙone ba, Hajiya," in ji shi. "Amma mai motar nan bai ji tana kuka ba? Tun kina bakin titi na ji ku."

Ni kuwa ina can ina shirya maganganun da zan zazzaga wa Yaya.

Na tarar da Baba zaune a kujerar roba a tsakar gida. Na danƙa masa makulli na ce, "Tashi ka gwada, Baba. Hannunka ƙalau yake." Ya shiga ya tayar, ya murɗa da yatsa ɗaya, fuskarsa ta washe. Ni kuma baki ya ƙi rufuwa, na yi ta ba shi labarin tiyo da kwali da kukan da motar take yi.

Sai ya kashe injin.

"Kika ce kuka take yi?"

"Sosai ma, Baba. Har bakanike ya ce daga bakin titi ya ji."

Ya ɗora hannunsa a kan sitiyari. Wannan mutum ne da a da yakan gane ciwon inji daga kan gadonsa in mota ta wuce a titi.

"Ni ban ji komai ba," ya ce. "Idan ban ji wannan ba, yaron da zai yi ihu a bayana fa?"

"Baba, akwai abin sawa a kunne, sai mu je asibiti..."

Ya fito a hankali, ya kama hannuna ya sa makullin a ciki, ya naɗe yatsuna a kai da irin riƙon nan nasa. "Ki riƙe ta ke. Kada dai ki bari yayanki ya sayar."

Na tsaya a wajen ina kuka don takaici, na rasa wanda zan zaga.