Zargen da Na Yi wa Karen Kawu

Malam Edita, a taimaka mini da ɗan fili, akwai abin da ya daɗe yana cina a rai. A shekarun nan da Turawa suke shirin tafiya, ni saurayi ne sabon ɗauka a aikin koyarwa, a wata elementare ta ƙasar Tudun Wada. In faɗi gaskiya, kaina ya kumbura. Ina da farar riga guda da nake ji da ita, ga alƙalami a aljihu, kuma ba abin da nake tsoro a duniya kamar a yi mini dariya.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, tsohon maharbi a wani ƙauye bakin dajin Falgore. Yanar ido ta rufe masa gani, sai wani jan kare da suka daɗe suna farauta tare ya zama idonsa. Shi ke gaba har ƙofar masallaci, ya kwanta can nesa ya jira a idar. Da 'yarsa da ke aure a Kafin Maiyaki ta zo ɗaukarsa, direban ranar ya rantse kare ba zai hau motarsa ba. Ina wurin, don muna hutu. Kawu ya lalubo hannuna ya damƙa mini igiyar fata da ya tufka da kansa, da wata tsohuwar rigarsa. Ya ce in kawo masa karen a motar kasuwa ta mako mai zuwa, in sa shi tsakanin ƙafafuna, in lulluɓe masa kai da rigar don ya riƙa jin warinsa ya natsu. Ya maimaita mini har sau uku cewa kada in kuskura in yi masa zarge a wuya. Na ce to, har ina jin haushin yana yi mini bayani kamar yaro.

Ranar ta zo, muka sami lori mai buhunan dawa, fasinja a kan kaya. Wannan direban bai hana ba. Kusa da ni akwai wani dattijon malami, ina tsammanin zai yi faɗan najasa, sai ya janye gafakarsa ya ce in bar dabba ta kwanta, in dai kau da bakinta daga tufafinsa. Kun ji fa, malamin ma ya ba ni wuri. Wani mai goro ne ya ɗaga murya ya ce yau sun yi sa'a, sun shiga mota da Di'o, tunda Bature kaɗai ke tafiya da kare a cinya. Mata suka kwashe da dariya. Shi ke nan fa, iyakar abin da ya faru ke nan. Amma ni sai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na ja karen zuwa can ƙarshen kaya, na yi masa zarge don ya fi sauri, na ɗaure a katakon baya, na dawo na juya masa ƙeya. Rigar kawu kuwa na danne ta a ƙarƙashina don kada a ga tsummanta.

Mun wuce Tudun Wada kaɗan zabin daji suka tashi a gefen hanya. Karen farauta ne, me ake jira? Ban ga tsallensa ba, ban ji kukansa ba, ina can ina yi wa mai goron nan hirar birni don ya san ni ba baƙauye ba ne. Wata Bafulatana ce a bakin hanya ta sauke ƙwaryarta tana ihu tana nuna bayan motar. Kafin a bubbuga wa direba ya tsaya, karen ya riga ya mutu a rataye. Malamin nan ne ya sauka ya taya ni jansa gindin wata ɗorawa.

Abin kunyar ma yana gaba. Da na isa, na durƙusa na gaida kawu, na miƙa masa rigarsa da igiyar a naɗe a ciki, na ce karen ya suɓuce ya koma daji. Ya daɗe yana shafa kayan a cinyarsa, sannan ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya sa a kawo mini fura. Na sha, wallahi na sha. Daga ranar ban ƙara taka gidan ba. Ya aiko ya fi a ƙirga, ni kuwa kullum aiki ya yi yawa, har aka aiko mini da rasuwarsa.

A wurin zaman makoki 'yarsa ta kira ni gefe. Ta ce tun ranar farko ya sani, domin na manta ban kwance zargen ba, yatsunsa suka ji shi. Ta ce ya yi kwana biyu bai ci abinci ba, amma ya gargaɗe ta kada ta nuna mini, wai in na san ya gane, kunya za ta hana ni zuwa wurinsa.

Yanzu na tsufa, nawa idon ma ya fara hazo. Abin da zan ce wa masu karatu, duk wanda zai ɗauki dabba a mota, kare ne ko kyanwa ko ɗan akuya, ya ajiye ta inda idonsa yake kanta. Kada a ɗaure ta da wuya a bakin kaya, domin ita ba ta san mota tana gudu ba. Kuma in an ba ku amana, kada dariyar wanda za ku rabu da shi a tasha ta sa ku sake ta. Mai goron nan ko fuskarsa ba na tunawa. Kawu kuwa ya haɗiye baƙin cikinsa don in ci gaba da zuwa, kuma ban je ba.