Ranar da Rafin Tamarack Ya Tsare Verna

Shekara arba'in da 'yan kai ina tare da Verna Thibodeau, sau ɗaya tak na ga an kashe mata baki. Ba ni na kashe shi ba kuwa, abin da har yau yake ci mini rai.

A bazarar bara ne. Ta tafi hawan dutse ita kaɗai, ta ce wa 'yarta Colette za ta dawo ran Asabar. Asabar ta wuce shiru. Colette ta kira masu ceto, ƙarti goma sha biyu suka ajiye aikinsu suka shiga daji. Da hantsin Lahadi suka same ta zaune a gaban tantinta tana suyar fanke a kan risho. Shugabansu, wani Merle Dunham mai sayar da taya, ya ce, "Iya, ke muke nema tun jiya."

"To ga ni. Wa ya ce muku na ɓata?"

"'Yarki."

"Colette ko a kantin cefane sai an nemo ta. Kai yaro, tun kana cikin tsumman goyo nake hawan duwatsun nan. Iskar ce ta yi mini daɗi na ƙara kwana."

Merle ya bari ta gama tsaf, sannan ya ce, "Na yarda, Iya. Wane dutse ne wannan da muke kai?"

"Elwell mana."

"Ga Elwell can." Ya nuna wani dutse a tsallaken kwari, tafiyar mil huɗu.

Verna ta dubi dutsen, ta dubi kaskonta, ta ce wa zai ci fanke.

Wannan abin kunya ne ya haifi alkawarin. Colette ta zaunar da uwarta ta gindaya mata sharaɗi: duk tafiyar da za ta yi, ta rubuta hanyar da za ta bi da lokacin da za ta kira waya, ta manna a ƙofar firji. Ranar da ta sake wuce lokacin, ta miƙa makullin mota. A wajenmu kuwa ba motar haya mai zuwa gindin dutse. Wanda ba shi da mota, sai dai ya kalli dutse ta taga. Verna ta ce ta yarda, kuma mace ce da in ta ce ta yarda, to ta yarda. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana raba wasiƙu da ƙafa a garin Rumford, ruwa ko dusar ƙanƙara, karnukan unguwa ma da ita suke sanin lokaci. Ranar da aka binne mijinta, ita ta riga limamin coci isa maƙabarta. Shekarunta saba'in da uku yanzu, doguwa ce kamar falwaya, ba ta da ko tsokar da sauro zai ciza. Ni Eunice gajera ce, gwiwoyina kuma kukan tsohuwar ƙofa suke yi. Abin da ya haɗa mu shi ne duk mun fi son wahala da zaman gida.

Da kakar bana ta shigo, ganye ya yi ja, masu hoto suka cika duk wata hanya mai sauƙi, sai Verna ta baje taswira a teburina tana neman inda ba kowa. Ta ɗora yatsa a kan Dutsen Cobb. Mil shida daga inda ake ajiye mota zuwa Rafin Tamarack, a haye rafin a kafa tanti, washegari a hau dutsen ta gefen da sai an haɗa da hannu.

Na ce, "An ce za a yi ruwa daren Asabar."

"Yayyafi aka ce. Ke gishiri ce da za ki narke?"

Ta rubuta a takarda: Lahadi, ƙarfe shida na yamma.

Ran Juma'a muka haye Tamarack muna taka duwatsu, ko safarmu ba ta jiƙe ba. Asabar muka hau Cobb, na yi ta zagin ta har ƙoli, ita kuma tana gaba tana cewa in adana numfashina. Muka sauko lafiya. Ruwan da aka ce yayyafi ne ya kwana yana dukan tanti kamar an aiko shi.

Da safiyar Lahadi, tun kafin mu ga rafin muka ji shi. Duwatsun da muka taka shekaranjiya babu ko ɗaya a waje. Ruwan ya koma kalar kofi da madara, faɗinsa ya ninka uku, kuma a ƙarƙashin rugugin akwai wata ƙara mai nauyi, ƙum, ƙum. Duk mai shiga daji ya san ta. Manyan duwatsu ne ruwa yake mirginawa a ƙasa.

Verna ta ajiye jakarta. Ta karyo kara ta kafa daidai bakin ruwa, ta dubi agogo. Lissafin ba wuya. Awa uku daga rafi zuwa mota, rabin awa a mota kafin waya ta samu sabis. In ba mu haye kafin biyu da rabi ba, an gama.

Ƙarfe goma ruwa ya shanye rabin karan. Ta sake kafa wani. Muka bi gaɓa muka yi sama ko za mu samu itacen da ya faɗi ya gicciye, muka tarar da wani rafin ya shigo daga dama ya tare mu. Muka yi ƙasa, sai kwazazzabo. Muka dawo da kayanmu jagab, hannuwana sun mutu don sanyi.

"Ki ci wani abu," na ce, na miƙa mata burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa.

"Ba na jin yunwa."

"Tsohuwa, yarinyar nan fa ke kika haife ta. Ki ce mata ruwa ya tare ki, ta yi fushinta ta huce."

"Ban ce mata sai in ruwa ya yarda ba. Ƙarfe shida na ce."

"To ki ba ta makullin, ni zan riƙa tuƙa ki."

"Ke? Da idon da kike gaida akwatin wasiƙa kina ce masa barka da asuba?"

Wannan gaskiya ne, sau ɗaya ya faru, amma ban ga dalilin tono shi a bakin rafi ba.

Ƙarfe ɗaya ruwa ya tsaya, bai hau ba bai sauka ba. Ƙarfe biyu ya ja baya da kamar faɗin yatsa biyu. Verna ta tsuguna ta auna da hannunta, ta sake aunawa, kamar in ta daɗe tana kallo zai ji kunya ya ƙara sauka. Biyu da kwata ta miƙe ta ɗauki jakarta ta goyo. Na ga ta kwance ɗamarar ƙugun jakar da ta ƙirji ta bar su suna reto. Haka ake yi in za a shiga ruwa, don in ya ɗauke ka ka iya yar da kayan kafin su danne ka.

"Ki zauna da tanti da risho," ta ce. "In na haye na kira ta, gobe da safe in dawo in ɗauke ki."

"In ba ki haye ba fa?"

"Sai ki gaji rishon. Dama kin daɗe kina sa masa ido."

"Verna."

"Kar ki yi mini magana in ina ciki. Surutunki yana raba mini hankali."

Ta shiga, fuskarta na kallon inda ruwan yake fitowa, sandunan dogarawarta biyu a gaba, tana jan ƙafa a kaikaice. Taku uku ruwa ya kai gwiwa. Taku biyar ya kai cinya, yana taruwa a gabanta yana kumfa. Ina hango ruwan yana girgiza sandunan a hannunta. Ko kashi ɗaya cikin uku ba ta ci ba, kuma tsakiyar, inda ruwan ya yi santsi ya yi duhu, tana gaba. Ta ɗaga ƙafar dama za ta sa, sai na ji ƙum ɗin nan a kusa. Jikinta ya karkata. Sandar hagu ta fizge daga hannunta, kafin in ƙifta ido ta sha kwana ta ɓace.

Ta tsaya a wurin da sanda ɗaya. Ban san minti nawa ba. Na ga ta ɗaga kai ta dubi ɗaya gaɓar, inda hanyar da ke kaiwa wurin motarmu ta shiga cikin itatuwa, ga ta nan kamar ka miƙa hannu. Ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta fara ja da baya, taku ɗaya, ta huta, taku ɗaya. Da ta zo kusa na cafki igiyar jakarta na jawo, muka zube tare a kan tsakuwa.

Leɓɓanta sun yi shuɗi. Na tuɓe mata jiƙaƙƙun kaya na cusa ta cikin bargo, na dafa kofi. Ta shanye shi tas. Ƙarfe shida na gan ta ta dubi agogo, ta cire shi ta jefa cikin takalmi.

Da gari ya waye ruwa ya sauka zuwa gwiwa, gwiwarta ba tawa ba. Muka saƙala hannu muka haye. Ba mu yi mil biyu ba muka ci karo da masu ceto su biyar, a bayansu ga Colette da takalmin zuwa ofis, laka har ƙwauri, ido ya kumbura. Ta rungume uwarta sai da na ji ƙashi ya yi ƙara, sannan ta ture ta.

"Mama, kin san irin daren da na kwana?"

"Ruwa ne ya tare mu," na ce.

"Anti Eunice, don Allah ki bari. Ke ce ma mai zuga ta." Ta juya wajen uwarta. "Bara iska ce, bana ruwa, baɗi kuma me? Ni na ce ki zaɓi dutsen da sai an haye rafi? Kin ce ƙarfe shida. Da hannunki kika rubuta."

"Na rubuta."

"Kin cika?"

"Ban cika ba."

"To alkawari alkawari ne." Ta miƙa hannu.

Verna ta buɗe aljihun jakarta ta fito da makullin, ta riƙe shi a tafin hannu. Masu ceto duk suka sunkuyar da kai suna gyaran igiyar takalmi. Makullin nan har yau yana wurin Verna, Colette kuma ba ta sake tada zancen ba, kuma ina tsaye a wurin Verna ta faɗi maganar da ta jawo haka.

"In kina so ki karɓa, ga shi," in ji Verna. "Amma ki sani jiya na gwada cika miki alkawari, har cinya na shiga. Rafin nan a kogi yake zuba, kogin kuma ta bayan gidanki yake wucewa. Da na ƙara taku biyu, da kin same ni tun kafin ƙarfe shida."