Hadari na karanta, ashe haɗari ake nufi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labarin ya iso mini, kuma alal haƙiƙa ban fahimce shi ba.

Hadiza, ɗiyar malaminmu Mushe Garba (Mushe muke ce wa malamin makaranta), ta turo saƙo: "Hadari ya rutsa da Baba a hanya."

Na amsa mata da gadara: "Ai damina ce. Ya fake har ya wuce."

Sai ta kira tana kuka. Telehon ɗinta ba ya da ɗ mai lanƙwasa. Haɗarin mota take nufi. Mushe ya rasu.

Ni kuwa makonni ke nan ba abin da muke tattaunawa da shi sai hadari da gajimare. Ta ina hankalina zai kai can?

Ga wanda bai san shi ba, Mushe Garba ɗan Tawa ne, shi ya koya mana ilimin ƙasa a lise, wato babbar sakandare. Da ya yi ritaya sai ya tara mu, tsofaffin ɗalibansa, muna kallon sama. Bana niyyarsa ya kai mu kallon zubar taurari ta watan Agusta, lokacin da suke yankowa ɗaya bayan ɗaya. Mas'alar ita ce Agusta tsakiyar damina ce, kuma sararin Yamai a rufe yake yawancin kwanaki.

Shi ya fara ara mini madubin hangen nesa, bai ce yaushe zan maido ba.

Ranar da na kare kundina a iniversite, shi ya zo a kan moto, wato babur, tun daga unguwarsu Kirkisoye, da kilishi a leda.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a ƙofar gidansa ce, bayan la'asar, ana dafa shayi. Na baje masa hotunan tauraron ɗan'adam, na gabatar da tahlilina cewa tudun da ke bayan unguwarsu ya wadatar don kallon taurarin, bisa la'akari da ihtimalin yayewar gajimare.

Ya ce, "Dokta, rage Larabci, shayinka na hucewa."

Ba dokta ba ne ni. Shi ya laƙaba mini.

Ra'ayinsa shi ne a nufi arewa, wajen Filinge, inda ruwa bai kai na nan yawa ba. Na ce ina hujja? Ya ce, "Hotonka daga sama yake kallon gajimare. Ni zan je in tambayi masu kallonsa daga ƙasa."

Tafiyar ke nan.

Hajiya, mai ɗakinsa, ta ce jiya ya kira ta yana dariya: "Na samu wuri. Ki gaya wa Dokta ya daina jayayya." Ba ta tambayi sunan garin ba. Me zai sa ta tambaya, mutum yana hanyar gida?

Yanzu abokai suna ta rubuto mini: za a je? Ina za a je? A fasa? Ni da nake da amsar kowace tambaya, wallahi ban sani ba. Zuwa babu shi, ban san yadda zai kasance ba. Fasawa kuma kamar an ce tafiyarsa ta banza ce.

Allah ya jiƙan Mushe Garba, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajiya da yaransa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Kuma idan akwai direba ko wani mai masauki da Mushe ya gaya wa sunan garin nan, ina roƙonsa ya neme ni.